Tayoyin Sallau, Biyu na Daji Biyu na Kwalta

Duk wanda ya taɓa tsayawa shan shayi a tashar Tsarnawa ya san Sallau direba. In bai gan shi ba, ya ji shi. Shi ne wanda ya ce ya taɓa tuƙo mota da baya tun daga Tawa har Konni don giyar gaba ta ƙi shiga. Shi ne kuma wanda ya ce in ya ji ƙugin inji daga nesa, shina iya gaya maka ko direban ya karya kumallo. Mutane su yi dariya su ƙara mashi shayi, don labarinshi ya fi na rediyo daɗi, kuma bai cin batir.

Motar da shike tuƙi kuwa ba tashi ba ce. Bashe ce mai rumfar tamfol da benci biyu a baya, ta wanshi marigayi. Da anka raba gado ta zauna hannun Kyauta, matar marigayin, ita da ɗiyanta. Kyauta na da garkar albasa a ƙetaren kwarin Badagishiri, kuma mace ce wadda in ta gama ciniki da mutum, har ya kai gida shina tunanin ko shi ya saya ko shi ya sayar.

Hanyar garkar iri biyu ce. Daga Tsarnawa kwalta ce sumul har Badagishiri. Daga nan sai a gangara kwari, rairayi mai cin ƙafa, da laka a tsakiya inda ruwa ke kwana. Bara Sallau ya kafe a kwarin nan har masu jakuna sun daina tambayar ko motar wa ce. Albasa ta sha rana, masu saye sunka gaji sunka tafi. Kullum in ya dawo gida da laka har gwiwa, magana guda gare shi: laifin tayoyi ne.

To, shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi, sabuwar taya ta zama abin kallo daga nesa, sai Kyauta ta ɗaura zane ta tafi Konni da kanta wurin Bawa mai tayoyi na hannu. Iri uku ya baje mata. Akwai manya masu faɗi, haƙora zaƙo-zaƙo, waɗanda ke cizon rairayi da laka su fita, amma kwalta na cin su kamar yadda dutsen niƙa ke cin gero. Akwai masu sumul, waɗanda bisa kwalta sai ka manta da su, amma da sun ga rairayi sai su durƙusa. Akwai kuma na tsakiya, haƙora daidai, ba su fi kowa a ko'ina ba, ba su kuma kunyata mai su a ko'ina. Na tsakiyan ta zaɓa, huɗu. Ta zauna bisa wata tsohuwar taya tun hantsi, ta kushe su ɗaya bayan ɗaya, ta tashi kamar za ta tafi ta dawo, ta tuna wa Bawa alherin da marigayi ya yi mashi da wanda bai yi ba. Wajen la'asar Bawa ya sallama, don dai ya samu ya yi salla.

Da ta dawo ta kira Sallau.

"Na gama ciniki. Kai dai ka kai mota a ɗaura, ka dawo. Bara ka ce tayoyi na. To ga tayoyi. Bana in ta sake kafewa cikin kwari, makulli sai hannun Rabo."

"Rabo? Yaya, Rabon da ke tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai bisa kai?"

"Ƙwan dai na isa."

Rabo tsohon direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar siminti ta Malbaza, siriri, mai ƙarancin magana. Ko sunanshi Sallau bai son ji, balle ya ga makullin wanshi a aljihunshi.

Washegari Sallau ya isa wurin Bawa. An jera mashi tayoyin Kyauta, amma idonshi na can kusurwa, inda wasu manya biyu ke jingine, waɗanda anka ciro daga motar wani furoje na raya karkara. Kusa da su ga masu sumul biyu. Dukansu sun daɗe nan, don ba mai sayen taya biyu-biyu marasa 'yan'uwa. Sallau ya zagaya su, ya sa yatsa cikin haƙoran, ya ja baya ya rufe ido ɗaya. Can sai ya tafa hannu.

"Bawa, kai tayoyi kaka saidawa, ni hanya nika sha. In kamiyon siminti ya taso ya cika kwalta, ina nika gudu?"

"Gefe."

"Wane gefe?"

"Dama."

"To ƙafafun dama ina suke?"

"Cikin ƙasa."

"Na hagu fa?"

"Bisa kwalta."

"Ka gani! Mota guda, hanya biyu. Dama 'yar daji ta, hagu 'yar birni. Sa mani manyan ga a dama, su ci ƙasa. Sa masu sumul a hagu, su sha kwalta. Kowa da aikinshi, ba mai cinye wani. In mun shiga kwari, na dama su ja na hagu. In mun hau kwalta, na hagu su lallashi na dama. Mi za ni yi da na tsakiya, da ko su ba su san inda sunka dosa ba?"

Bawa ya dubi tayoyi huɗun da Kyauta ta tatsa daga jikinshi jiya, ya dubi marayun nan na kusurwa, ya ji sanyi ya ratsa mashi zuciya.

"Wallahi Sallau, tunda nika wanga aiki ban taɓa jin mai irin wanga tunani ba. Ko nasaran da ya ƙera mota bai kai nan ba."

"Nasara ya taɓa gamuwa da kamiyon Malbaza?"

"Bai taɓa ba. Uwar ɗakinka fa, ta sani?"

"Ita ta san albasa, ni na san mota. Ɗaura."

Bawa ya sha gumi kafin manyan su yarda su hau. Da anka sauke motar ƙasa, sai ta karkata hagu kamar tsohuwa mai sauraren gulma ta jikin danga. Sallau ya ce haka motocin tsere suke. Ya tada, ya juya sitiyari zai fita, sai ƙarrrr! haƙoran taya sun kama ƙarfen da ke samanta. Ya koma baya, ƙarrrr! Sai wurin maƙeri. Maƙerin ya duba ya ce, ko dai a rage taya ko a rage mota. Sallau ya ce a rage mota. Anka sa kurfi da guduma anka yanke ƙarfen gaba da na baya a ɓangaren dama, baki ya fito kaca-kaca kamar ɓera ya ci ƙwarya.

A hanyar gida ya gano wani sabon hali. Da ya ɗan saki sitiyari, sai motar ta nufi hagu, tsakiyar hanya, kai tsaye wajen duk abin da ke tahowa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce sabon takalmi ne, za ta saba.

Da ya shigo tasha, mai shayi ya karkata kai shina kallonta, masu shan shayi su ma sunka karkata.

"Sallau, ciwon haƙori take?"

"Ko kunnenta ke ƙaiƙayi?"

"Ku dai ku kalla da kyau," in ji Sallau, "don baɗi duk motocin Tawa haka za su koma, ku ce a gabanku anka fara."

Kyauta ba ta yi dariya ba. Ta zagaya dama ta sa yatsa cikin haƙora. Ta zagaya hagu ta shafa sumul. Ta tsaya gaban ƙarfen da anka yanke, ta daɗe.

"Ina tayoyina?"

"Yaya, waɗancan ba su da ra'ayi."

"Yini guda na yi zaune har ƙuguna ya ƙage. Bawa har ƙwalla ya yi. Shi na kai kuma ka je ka share mashi hawaye?"

"Bari in gwada maki lissafin. In kamiyon siminti ya..."

"Wa ya yanke wa motar marigayi kunne?"

"Aski na, yaya. Iska take sha."

Da son ranta ne, da a ranar an koma Konni. Amma gobe kasuwar Badagishiri ce, kuma ta riga ta yi wa mata 'yan sarin albasa alkawarin kai su garka. Kyauta ba ta tada alkawari, ko da kuwa na mugunta ne. Ta ce, "Magana tana nan inda na aje ta," ta shige gida.

Da safe fasinja sunka taru. Ga Zuwaira da Zalika, manyan 'yan sari, kowacce da buhunanta ninke a hammata da mata uku-huɗu a bayanta. Ga Altine, Bafulatana mai komawa ruga da gishiri. Ga kuma Rabo, ya zo ya hau baya.

"Shi wanga ina za shi?" in ji Sallau.

"Shan iska," in ji Kyauta, ta shiga gaba ta ja ƙofa.

Ko fita tasha ba su yi ba, na bencin dama sunka zame sunka faɗa cinyar na bencin hagu. Kwano ya gangara, salati ya tashi. Sallau ya taka birki ya zagayo baya.

"Abin mai sauƙi na. Masu jiki su koma dama su danne ta. Marasa nauyi, hagu."

Zuwaira ta tashi a hankali, ta gyara kallabi, ta zauna dama kamar wadda anka naɗa. Sallau ya nuna wa Zalika hagu. Zalika ta dube shi daga hula har takalmi.

"Ni? Hagu? Kai Sallau, so kaka a ce mijina bai ciyar da ni? Tafi ka tambayi telan da ke yi mani riga ko yadi nawa shika ci!"

"Inna Zalika, ba haka nika nufi..."

"Innar wa? Yaushe na haife ka? Matsa!"

Ta faɗa dama. Ai kuwa sai sauran mata sunka bi, don ba wadda za ta zauna a bencin ramammu a gaban tashar Tsarnawa, labari ya riga ta zuwa gidan surukai. Har wata 'yar siririya ta kumbura kumatu ta cusa kanta tsakanin Zuwaira da ƙarfen rumfa. Bencin hagu ya rage Rabo a wancan ƙarshe, Altine a wannan. Altine ta miƙe ƙafa ta ce ita kam tunda take shiga mota ba ta taɓa jin daɗi irin na yau ba.

Abin mamaki, motar ta kusa daidaita. Sallau ya buga ƙirji.

"Kun gani? Lissafi!"

Sunka hau kwalta. Tayoyin dama sunka fara kuka, wuuuu, kamar an shaƙe rakumi, na hagu kuwa shiru. Kyauta da ke zaune bisa kukan ta toshe kunne guda da haɓar mayafi. Motar na ja hagu, Sallau na ja dama, jijiyoyin wuyanshi sun tashi, gumi na ɗiga daga gemu.

"Tuƙi kaka ko kokowa?" in ji Kyauta.

"Tana da ƙarfi na, yaya. Jini ya yi mata yawa."

A shingen hanya wani jandarma ya karɓi takardu. Ya zagaya dama ya tsaya. Ya zagaya hagu ya tsaya. Ya sake komawa dama.

"Direba, takardar mota guda ka ba ni. Ina ta ɗayar?"

"Shef, guda ta. Aikin biyu dai take."

Jandarman ya kira abokin aikinshi ya zo ya gani, sunka yi dariya har ɗaya ya dafa shinge, sannan ya miƙa takardu ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kuma maimaita.

Gaba kaɗan sai ga abin da Sallau ke roƙo tun safe: kamiyon siminti ya taso ya cika kwalta. Sallau ya murɗa dama da dukan ƙarfinshi. Manyan tayoyi sunka sauka ƙasa sunka cije, tsakuwa ta watsu, wani mai jaki ya yi tsalle ya faɗa gona, motar kuwa ta wuce kyam ba ta ko girgiza ba. Sallau ya leƙa ta taga ya yi wa na baya ihu.

"Rabo! Ka gani ko in sake?"

Daga nan har Badagishiri Sallau addu'a shike wani kamiyo ya sake fitowa, don nan ne kaɗai hannunshi ke hutawa.

Mashigar kwari a gindin kasuwa take, dab da inda ake saida dabbobi. Rana ta ɗaga, kasuwa ta cika. Da mutane sunka ga motar, sunka bar ciniki sunka matso bakin gangare, don bara sun saba da kallo kyauta a wurin nan. Sallau ya tsaya a sama, ya fito ya gyara hula.

"Masu jakuna, ku huta yau. Wanda ya ƙifta ido bai ganin wucewata."

Ya shiga, ya taka mai. Motar ta gangara da ƙarfi, ta ci rairayin farko, ta kai tsakiya inda laka ke ƙarƙashi. Nan tayar hagu ta baya ta ce ita iyakarta ke nan. Ta fara juyawa wuri guda, fiiii, tana watsa rairayi har bisa tiren wani mai tsire. Ta dama kuwa, da dukan haƙoranta, ta tsaya cik kamar baƙo a wurin faɗan gida. Sallau ya ƙara mai. Hagu ta ƙara tona. Ya sa giyar baya. Ta tona ta baya. Motar ta nutse hagu, dama ta ɗaga sama, matan da ke bencin dama sunka riƙe ƙarfen rumfa suna kallon kasuwa daga bisa.

"A rage wa tayoyin iska," in ji Rabo. Ita ce maganarshi ta farko tun safe.

"Ba a tambayi fasinja ba!"

Sallau ya fito ya durƙusa ya duba. Ya gane tayar hagu ba ta da abin da zai danne ta, nauyi duk shina dama. Ya zagayo baya da murmushi.

"Iyayena, ku ɗan koma hagu. Kaɗan dai, mu fita."

Ba wadda ta motsa.

"A Tsarnawa ban zauna can ba," in ji Zalika, "sai a gaban kasuwar Badagishiri, inda dangin mijina suke?"

"Ni ko ɗaga ni ba ka iyawa," in ji Zuwaira.

Daga bakin gangare shawara ta fara zuba. Wani ya ce a sa kara. Wani ya ce a juya motar, dama ta koma hagu. Mai tsire ya ce a fara biyan shi namanshi tukuna. Wani mai jaki ya ce shi an ce ya huta, hutu shike. Sallau ya leƙa gaba, ya ga Kyauta zaune, idonta na bisa makulli. Ya koma mazauninshi, ya tada inji, ya fito da kai ta taga, ya ɗaga murya yadda kasuwa duka za ta ji.

"Jama'a, ku zama shaida! Yau za a san mai jiki ta gaskiya a Tsarnawa. Zaman dama kowa na iyawa, har mai kumbura kumatu. Amma wadda ta zauna hagu motar ga ta ji ta, ta motsa, to ita ta uwar jiki, sauran duk zane na!"

Zuwaira ta dubi Zalika. Zalika ta dubi Zuwaira. Rabo ya dubi su biyun, ya ɗauki takalminshi ya sauka. Altine ta riga shi, gishirinta a ka.

Sai mata sunka taso gaba ɗaya.

Motar ba ta yi gaggawa ba. Ta yi ƙara kaɗan, ta yi kamar tana tunani, sannan ta kwanta bisa haƙarƙarinta na hagu a hankali, kamar saniyar da ta ƙoshi. Tamfol ya yage, buhuna sunka watse, salati ya cika kwari. Kasuwa ta kwashe da ihu, har awaki sunka tsinke igiya.

A gaba kuwa, Sallau na ƙasa, Kyauta na bisanshi, gwiwarta a cikinshi.

"Yaya... numfashi..."

"Yi haƙuri, ƙanena, yanzu nika tashi."

Ta miƙa hannu ta kashe inji, ta zare makulli, ta taka kafaɗarshi, ta tura ƙofar dama sama ta fito kamar mai fitowa daga rijiya. Maza sunka tare ta sunka sauke. Ta kaɗe zane, ta ƙirga mata da ido. Rairayi ne, ba wadda ta ko ƙuje. Suna rarrafowa daga cikin tamfol, gardama ta riga ta kaure.

"Ni na kada ta! Ina zama ta tafi!"

"Ƙarya kike, Zuwaira, ke kina hanya na riga na zauna!"

Can sai ga kan Sallau ya ɓullo ta ƙofar sama, ba hula, rairayi har cikin kunne. Ya dubi kasuwa, kasuwa ta dube shi. Ya waiga, ya ga manyan tayoyinshi biyu a sama, ta gaba na juyawa a hankali cikin iska, haƙora tsaf. Fuskarshi ta washe.

"Jama'a, ku duba da idonku! Ɓangaren dama bai kafe ba!"

Kyauta ta jira dariya ta lafa. Ta kira Rabo, ta sa mashi makulli a tafin hannu a gaban kowa, ta ce ya nemo masu shanu a tada motar, albasa na jira. Sannan ta ɗaga kai ta dubi Sallau.

"Mun shaida, ƙanena, dama ba ta kafe ba. Tunda taka ta, na bar maka ita. Daga yau can za ka rataya, daga waje, ka ɗora buhu ka sauke buhu. Ciki na Rabo na."

Sallau ya fito ta ƙofar sama. Ya sauko a hankali, ya tono hularshi daga rairayi, ya kaɗe ta ya kafa. Ya taka har gaban Rabo, ya nuna shi da yatsa.

"Ka dai ji da kunnenka. Hagu taka ta. In ta sake kafewa, kada wanda ya kira sunana."